Ni Na Saki Birkin, Sunanta Ke Takardar Inshora

Gwaggo, don Allah ki taimaka mini, kuma ki taimaka da wuri, domin inshorar motar gidanmu saura kwana tara ta ƙare. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Ta farkon na rubuta ta ne kamar wani abokina abin ya sama, sai na ga duk wanda ya karanta zai gane ni da abokin nan har gemunmu iri ɗaya ne. To ga ni dai da kaina. Sunana kawai nake roƙo kada ki nema.

Ni malamin koyar da tuƙi ne, shekara goma sha tara ke nan. Ba yabon kai ba, a unguwarmu in kin ga mota ta ba da sigina kafin ta yi kwana, da wuya in ba ta hannuna direban ya bi ba. Na koya wa likitoci, na koya wa 'yan kasuwa, na koya wa wata tsohuwar shugabar makaranta da ta yi wata huɗu tana rufe ido duk lokacin da babbar mota ta taho. Wuni nake a kujerar gefe, ƙafata a kan birkin malami, wato birki na biyu da ake sa wa motar koyo a ɓangarena, don in ɗalibi ya rikice in tsayar da mu kafin mu shiga shagon mutane. Ƙafar nan ta saba har ta fi ni saurin tunani. Ko motar haya na shiga na zauna gaba, sai in ji ina taka ƙasa in direba ya matse wa ta gabansa.

Matata ma'aikaciyar jinya ce. Ni na koya mata tuƙi, kuma tun da ba ta kusa bari in faɗa, ban taɓa samun ɗaliba kamarta ba. Tana shiga wurin fakin da ribas sau ɗaya, ba gyara. Motar gida ɗaya ce, kuma kusan ita ke jan ta kullum, tun da ni motar makaranta ke zuwa ɗaukata.

Ga abin da ya faru. Shekara uku da suka wuce, wata Asabar da rana, ta dawo daga aikin safe ta ajiye mota a harabar gida ta shige ciki. Harabar tamu gangara ce daga ƙofar falo zuwa get. Na tuna na bar tabarauna a durowar gaban motar, sai na ɗauki makulli na fita. Kamar kullum, ta ƙofar gefe na shiga na zauna. Gwaggo, akwai wani abu da nake yi duk lokacin da sabon ɗalibi zai hau sitiyari: in girgiza giya in mayar da ita firi, in sauke birkin hannu, in sake ja ina ƙirga ƙararsa. Sau dubu nawa na yi wannan, Allah kaɗai ya sani. Ranar nan hankalina na kan tabarau, hannuna ya yi aikinsa shi kaɗai. Ta bar motar cikin giya, ta ja birki tam yadda na koya mata. Ni na fitar da giyar, ni na sauke birkin.

Sai na ga bangon gida yana tafiya. Na taka birkina da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, na sake takawa, na taka da ƙafa biyu. Ba komai a wurin sai dardumar mota. Birkin hannun yana nan ƙarƙashin tafina, yatsuna a kansa, amma ko kusa bai faɗo mini a rai ba, ina can ina kokawa da darduma. Haka muka gangara ni da mota har ginshiƙin get ya tare mu. Bamba ta lotse, fitila ɗaya ta tarwatse, murfin but ya tashi ya ƙi komawa.

Abin da na yi bayan nan shi ne ya hana ni sukuni. Wuf na fito na rufe ƙofa, na koma gefe na tsaya na riƙe ƙugu. Ta fito a guje ko takalmi babu, ta kalli motar, ta kalle ni, ta dafe kai tana tambayar kanta ko ba ta ja birkin ba. Wallahi a lokacin gaskiya tana bakina. Sai na ji kaina ina ce mata ba komai, kowa na mantuwa, gajiyar aiki ce, tun da ba a ji wa kowa rauni ba mu gode wa Allah. Har ruwa na ɗebo mata. Kafin yamma labari ya kai gidansu, surukata ta kira ni tana sa mini albarka, wai ba kowane namiji za a fasa wa mota ya yi irin wannan haƙuri ba. Na ce ai ba komai, Mama, mota ai ƙarfe ce.

Da wakilin kamfanin inshora ya zo cike fom, ya tambayi wanda ya tuƙa motar na ƙarshe da dalilin haɗarin. Ita ta amsa da bakinta. Ya rubuta sunanta, ya rubuta rashin jan birkin hannu, ni kuma na sa hannu a ƙasa a matsayin mai mota. Sun gyara motar tsaf. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ina! Tun daga ranar ta canja. Akwai wani bulo da take sawa a bayan taya ko a shimfiɗaɗɗen fili ta tsaya. Kafin ta shiga asibiti sai ta ɗauki hoton birkin hannu a waya, don in zuciyarta ta fara raya mata abu a tsakiyar aiki ta duba. Ta daina tuƙa kanta zuwa gidan mahaifiyarta saboda layinsu tudu ne, sai dai ta hau ta haya. Ƙannenta maza kuwa sun samu abin yi, suna kiranta Hajiya Gangara, tana dariya tare da su amma ni na san dariyar ba ta kai ciki. Kuma tun da yau ranar tonon asiri ce, bari in ƙarasa: a aji, in na zo darasin birkin hannu, nakan ba ɗalibai labarin wata baiwar Allah da na sani wadda ta manta ta ja nata. Labarin yana shiga sosai, har da kwaikwayon yadda ta dafe kai nake yi.

To yanzu babbar 'yarmu ta samu lasisi, dole a sa ta cikin inshora. Tsohon kamfaninmu da ya ji sabuwar direba ga kuma wadda ke da tabo a takarda, sai ya ɗaga kuɗin sama har na ji wuyana ya ƙage. Matata ta ce a nemi wani. Da lokacin hutunta na cin abinci ta yi ta kiraye-kiraye, ta tattaro takardu ta baje su a teburin falo, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin duk abin da ba ta yarda da shi ba.

Kamfani na biyu kamar don ni aka buɗe shi. Suna son direban da bai taɓa yin laifi ba, in kuma malamin tuƙi ne sai su ƙara masa rangwame. Da na kira su da kaina, yarinyar da ta amsa wayar har "ranka ya daɗe" ta ce mini. Matsalar ita ce tsarinsu mai sauƙin mutum biyu yake ɗauka, in za a ƙara na uku mai tarihin haɗari sai rangwamen ya gudu. Kamfani na uku kuwa wani ɗan akwati suke maƙala wa mota, kowane direba ya haɗa shi da wayarsa, ya riƙa lura da yadda mutum ke taka birki, yadda yake shan kwana, da gudun da yake yi. Ƙarshen wata kowa ya ga makinsa, wanda ya yi tuƙin hankali a rage masa. 'Yarmu ta ce wannan take so, wai za ta nuna wa Baba cewa koyarwarsa ba ta faɗi ƙasa ba.

Gwaggo, akwatin nan na fi tsoronsa fiye da jami'in hanya. Shekara goma sha tara ina faɗa wa mutane yadda ake yi, amma ni kaina in na hau sitiyari, idona na kan kurakuran wasu. Ina tuƙi ina gyara wa na gabana tuƙinsa da baki, sai in farga a makare in danna birki har kowa ya dungura. A gida ana cewa hanya ce ba kyau. In akwati ya fara ba da maki, na san wa zai zo na ɗaya, na kuma san wa zai riƙe wutsiya. Daga nan sai a fara tambayar yadda aka yi mai maki mafi yawa ta manta da abin da ko ɗalibin sati ɗaya ba ya mantawa.

Wani abokina ma ya ce in bar wahalar da kaina, ya san wani mai tebur a bakin tasha da ke buga takardar inshora cikin minti goma, ba fom ba tambaya. Ban ce masa e ba, ban kuma ce a'a ba.

Shekaranjiya muna zaune a gaban takardun nan, ta tattara na kamfani na biyu ta turo mini, ta ce: "Malam, a cire sunana kawai a sa na yarinyar. Ai ni na ɓata mana takarda, ita kuma yanzu take farawa. Zan riƙa hawa ta haya, na ma saba." Ta faɗi haka ba fushi ba ƙorafi, ta miƙo mini biro. Na buɗe fom ɗin, na iso inda aka tambaya ko na taɓa haddasa haɗari cikin shekara biyar da suka wuce, sai na ce mata biron ba ya rubutu. Sabon biro ne, Gwaggo.

Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba. Amma ki duba nawa ɓangaren ma. In maganar nan ta fita, mai makarantarmu zai ji, sauran malamai za su ji, kuma akwai ɗaya a cikinsu da ya daɗe yana jiran ranar da zan yi tuntuɓe. Wa zai kawo ɗansa wurin malamin da mota ta gudu da shi yana zaune a ciki? Ƙannenta kuwa, sunan da za su raɗa mini sai ya bi ni har jikoki. Shi ya sa na yi wata dabara: in zauna da tsohon kamfanin, in biya tsadar ba tare da na yi magana ba, in ce mata ba zan yarda a cire ta ba ko nawa ne. Ta ci gaba da tuƙinta, ni kuma asirina a rufe. Ke da kika san kan waɗannan abubuwa, wane kamfani ya fi dacewa da gida irin namu? Kuma dabarar tawa ba ta yi ba?

Naki cikin damuwa,
Malamin Tuƙi

*

Malam, na yi dariya har sai da na cire tabarau na goge ido, musamman wurin kokawa da darduma. Da na iso inda ta miƙo maka biro, dariyar ta tsaya.

Bari in fara da abin da ke gefenka. Haɗarin kansa ba abin kunya ba ne. Sabo ne ya yi maka aiki, kuma duk mai sana'ar da ya daɗe a cikinta yana da irin wannan labari da ya ɓoye. Shirun da ka yi a mintin farko ma na fahimce shi, tsoro ne da girman kai suka haɗu suka riƙe maka harshe. Tsoron da kake yi wa abincinka shi ma gaskiya ne, ba kuma wanda ya ce ka hau kan motar makaranta da lasifika. Amma minti ɗaya daban, shekara uku daban. Ka sha albarkar surukarka, ka bar ƙannenta suna yi mata suna, sannan ka mayar da ita abin ba ɗalibai dariya. Kai, Malam, ka ci da yawa.

Dabararka ba ta yi ba. In ka biya tsadar ka ce ba za a cire ta ba, za ta ƙara gode maka, a ƙara sa maka albarka a karo na biyu a kan laifinka. Za ta ci gaba da tuƙi, amma da bulo a but da hoton birki a waya. Abin da ka ɗauke mata ya wuce suna a takarda, ka sa ta daina yarda da hannunta, kuma babu kamfanin da ke sayar da wannan.

Akwai kuma maganar da ta fi ƙarfin kunya. Tambayar nan da biro ya ƙi amsawa ba don ado aka sa ta a fom ba. In ka rubuta ƙarya, ranar da Allah ya kiyaye wani abu na gaske ya samu 'yarka a hanya, kamfani na iya tono tsohuwar magana ya ce ba zai biya ba. Don haka bayan ka gama da gida, ka rubuta wa tsohon kamfanin ka nemi a gyara bayanin. Wataƙila ka rasa rangwamenka, wataƙila su yi maka 'yan tambayoyi marasa daɗi. Ka daure, ka amsa.

Game da zaɓi, kuskurenka shi ne kana nema wa direban da kake so a ɗauke ka inshora. Ka duba mutanen da ke gidan da gaske. Akwai mace mai natsuwa da ke jan motar kullum, ita ya kamata a rubuta a matsayin babbar direba, ko ma wane kamfani aka zaɓa. Akwai yarinya sabuwar hannu, wadda kowane kamfani zai tsawwala wa har sai ta nuna halinta. Sai kuma wani dattijo da ba ya tuƙi sosai, in ya yi kuma fasinjoji su dungura. Kamfani na biyu mutum ɗaya ya dace da shi, kuma mutumin ba ya gidanku. Mai akwatin ya fi kama da ku, domin shi ne zai bar matarka da 'yarka su ci ribar tuƙinsu maimakon a yi musu hukunci da shekaru ko da tsohuwar takarda. Kai ma ba zai kashe ka ba. Wanda ya yi shekara goma sha tara yana ba mutane maki zai iya jure a ba shi nasa na wata ɗaya.

Sai dai kada ku sa hannu don na faɗa. Ku tambaye su ko mummunan makin mutum ɗaya yana ƙara wa kowa kuɗi, da wanda ke ganin bayanan inda motar ta je. Tun da aikinta na canjin lokaci ne, ku ji ko akwai sa'o'in da suke ɗauka a matsayin masu haɗari. Ku nemi sanin kason da za ku fara biya daga aljihunku kafin su sa nasu, musamman in yarinyar ce a sitiyari, domin a nan ake ɓoye tsada. Sannan ka leƙa wurin masu gyaran jikin mota biyu ko uku ka tambaye su wane kamfani ke biya ba tare da an yi ta sintiri ba, sun fi duk wata takardar talla sani. In amsoshin ba su gamsar ba, tsohon naku yana nan, kuma da gyararren bayani lissafinsa zai iya canjawa. Mai teburin bakin tasha kuwa, ka gaishe shi ka wuce. Takardarsa tana aiki ne har zuwa ranar da ake bukatarta.

Labarin baiwar Allah da kake bayarwa a aji, ka daina daga gobe. In ba ka iya rabuwa da shi, ka canja mai labarin. Ɗalibai sun fi riƙe darasin malamin da ya ce ni abin ya sama, amma wannan kai za ka yanke, kuma bayan ta ba ka izini.

Kwana tara gare ka, ni kuma biyu na ba ka. Ka same ta ita kaɗai, ba a gaban yara ba, ka faɗa mata tun daga tabarau har zuwa ginshiƙi, kada ka sa dariya a ciki kamar yadda ka sa mini. Za ta yi fushi, ta kuwa cancanta, kada ka tsaya koya mata yadda ake yinsa. Mai yiwuwa ta ce ka je ka maimaita a gaban mahaifiyarta da ƙannenta, in ta ce haka ka sa hularka ka tafi. In ta huce, ka mayar mata da takardun nan duka, ita ta karanta su, ita ta fi ka sanin abin da ke ciki, ta zaɓa da kanta. Abu ɗaya nake so ta ji daga bakinka a fili, domin shekara uku ke nan tana tambayar kanta: ta ja birkin.

Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya sanyaya zuciyarta, ya tsare ku ku uku a kan hanya.

Gwaggo